Ƙugiyar rataye keke a ɗaki: ta kanti ko ta mai walda?

Ɗakin haya mai ƙafa 12 da 12, irin wanda ya cika unguwannin Mabera da Arkilla da Gidan Igwai a Sakkwato, in aka shimfiɗa katifa aka ajiye akwati da 'yar firij, abin da ya rage bai fi wurin shimfiɗa darduma ba. Keken babban mutum kuwa tsawonsa santimita 175 ne zuwa 190, faɗin kansa 55 zuwa 75. Da ka jingina shi ya cinye rabin bango, feda tana jiran ƙwaurin duk wanda ya tashi fitsarin dare. A bar shi a tsakar gida, ranar Afrilu da ke wuce digiri 40 a Sakkwato ta tsattsaga gefen taya, ta busar da sirdi, ta sa tsohon faci ya saki. Hunturu ya zo ƙura ta haɗu da man sarƙa ta zama kamar garin dutse, tana cin haƙoran farantin sarƙa. A zaure kuma sai wanda Allah ya tsare, don ɓarawon keke ba ya buƙatar minti ɗaya.

Shi ya sa ƙugiyar bango ta fara samun kasuwa. Iri biyu ne a gaban mai saye: wadda ake shigowa da ita daga Sin a kwali, ana samunta ta intanet da wasu shagunan kayan keke, da wadda mai walda zai lanƙwasa maka a unguwa. A taƙaice, ta mai walda ta fi, in ka san abin da za ka ce masa ya yi. Amma ƙugiya kanta da wuya ta karye. Abin da ke sakin keke ya faɗo kan mutum, kusan kullum, bango ne da sukurun da aka kafa ta da shi.

Ta kanti fallen ƙarfe ne mai tsawon kamar taƙi guda, baƙin fenti, da ƙugiyar da ke naɗewa ta kwanta in ba a amfani da ita. A cikin leda akwai sukuru da fisha, wato 'yar robar da ake cusawa a ramin bango don ta riƙe sukuru. Kwalin yakan ce tana ɗaukar kilo 30, kuma ƙarfen zai iya. Naɗewar nan ita ce babban abin yabonta: in keke na waje, babu ƙarfen da ya miƙo zai tsone wa mutum ido a ɗaki mai duhu in an ɗauke wuta. Tana da kyan gani, ga ramukanta a jere daidai, ba sai ka yi ta gwaji ba.

Matsalarta uku. Sukurun da ke zuwa da ita gajeru ne, santimita 4 zuwa 5, an yi su ne don bangon jan bulo ko kankare. A bangonmu, filasta kaɗai ta ci santimita 1.5 zuwa 2, kuma filasta ba ta riƙe komai. Abin da ya shiga bulo ke nan bai wuce gaɓar yatsa ba. Na biyu, bakin ƙugiyar ƙarami ne. Tayar keken gwanjo mai giya, 26 x 2.125, in aka haɗa tsayin taya da na rim ya kai santimita 7 zuwa 8, sai ka yi ta murɗa wili kafin ya shiga, kowace murɗa kuma tana girgiza fisha a cikin rami. Na uku, robar da aka sa wa ƙugiyar siririya ce kamar fatar albasa. Zafin ɗaki mai rufin kwano yana taurara ta, ta tsage daga ciki inda nauyi ke zama, ka duba sama ka ga kamar lafiya lau, alhali ƙarfe ne ke gogar rim. Wanda ya riga ya saya, ya zubar da sukurun ledar, ya zare robar ya sa tiyo. Da waɗannan gyare-gyare biyu za ta yi wa keke mara nauyi aiki shekaru.

Ta mai walda kuɗinta bai kai na sabuwar taya ɗaya ba, amma in ka ce masa kawai "yi mini abin rataye keke", abin da za ka samu guntun rodin gini ne mai zane-zane, an ɗiga masa wuta sau biyu a jikin ragowar ƙarfen ƙofa. Zai kuma ce maka, "Wanga ko raƙumi ka rataya mai, ba ya motsi." Ka je masa da awo a takarda. Shimfiɗaɗɗen ƙarfe, wanda suke kira falat, faɗin inci ɗaya da rabi, kaurin milimita 4 ko 5, tsawon santimita 30, da rami 3 na milimita 10: ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa. Rodi mai santsi na milimita 10, irin na ƙarfen taga, ba na gini ba, don zanen na gini yana yanka tiyo daga ciki. Ya miƙo santimita 11 zuwa 12 daga falat, ya lanƙwashe gefe santimita 9, bakin ya ɗan juyo wajen bango santimita 3 don kada wili ya zame. A kafa shi a kashi ɗaya cikin uku na sama, saboda tayar ta zauna a kan ragowar falat ɗin, ba a kan fentin ɗaki ba.

Waldar ita ce abin dubawa. A ce ya zagaye gindin rodin da wuta gaba ɗaya. Wanda ya san aiki zai huda falat, ya cusa rodin ciki, ya ƙona gaba da baya, sannan ya goge bayan ya yi sumul yadda zai kwanta a bango. Kafin ka biya, ka karɓi hama ka buge baƙin ɓawon da ke kan waldar. In ƙarƙashinsa ya fito a haɗe kamar ɓawon kifi, ya yi. In ramuka ne kamar saƙar zuma, ya sake. Bayan nan jan fentin hana tsatsa, a bari ya bushe, sannan tiyo. Tiyon ruwa na rabin inci ko na tukunyar gas, santimita 20, a tsoma shi a ruwan zafi minti biyu, zai bi lanƙwasar ba gardama. Wasu na sa tiyon tun ƙarfe bai huce ba don ya shiga da sauƙi, sai ya narke daga ciki ya rage kauri daidai inda ake buƙatarsa. In babu tiyo, robar tub da ake ɗaure kaya da ita ta wadatar, a naɗa ta ninki uku, sai dai ita kowace shekara sai an sabunta.

Yanzu bango, inda aikin yake.

Bulon siminti na inci 9 ko inci 6 tsawonsa santimita 45 ne, da rami biyu a ciki. Fatarsa ta gefe ba ta wuce inci ɗaya da rabi zuwa biyu, in an buga shi da gaskiya. Ga kamfanin siminti a Kalambaina, ƙofar gida, amma hakan bai hana masu buga bulo da yawa miƙa buhu ɗaya fiye da ƙima ba, kuma bulon da aka buga da bazara ba a ba shi ruwa sosai ba, da farce ma kana kankare shi. Irin wannan bulo, injin huda bango na shiga kamar a tuwo, garin da ke fitowa yashi ne zalla, ramin milimita 8 ya koma 12. Ka sa fisha ka ɗaure sukuru, yana ta juyawa ba ya tsayawa. Wannan juyawar ita ce shaidar cewa babu riƙo, kada ka yaudari kanka da cusa tsinken ashana.

Kafin a huda, a ƙwanƙwasa bangon da bayan sukudireba. Inda ya yi amo kamar ganga, rami ne. Inda amon ya mutu, ko dai haƙarƙarin tsakiyar bulo ne ko mahaɗar bulo biyu, nan ake so. Tunda ramukan falat a tsaye suke jere, kuma ana gini ne bulo na haye mahaɗar na ƙasa, sau da yawa layi ɗaya zai ba ka mahaɗa a sama da haƙarƙari a ƙasa. A yi amfani da fisha na milimita 10 da sukuru mai kan noti, tsawon santimita 7 zuwa 8, da washa. A fara huda ba tare da kunna bugun injin ba, bugun ne ke farfasa fatar bulo daga ciki. A hure garin ramin da ɗan tiyo kafin a sa fisha. Anka na ƙarfe, mai buɗewa in an ɗaure noti, na kankare ne. A bulo mai rauni buɗewarsa ke tsaga fatar, ya fito da ɓallin bango a jikinsa. Kada kuma a huda a layin da ke saman soket ko makunnin fitila ko ƙarƙashinsu, ta nan bututun waya ke bi.

Akwai dabarar da ta fi duk wannan, ba kowa ke tuna ta ba: linta. A yawancin gidajen bulo akwai kankare a saman ƙofa da taga, kamar mita 2.1 daga daɓe, wasu gidajen ma ya zagaye ginin duka. In naka ya zagaye, ka ce mai walda ya yi falat ɗin santimita 70 maimakon 30, ramuka biyu na sama su shiga linta da anka na milimita 8, ƙugiyar ta sauko inda ake so, rami na ƙasa kuma fisha ne kawai don hana lilo. Nauyin duk ya koma kan kankare. In bakin injin ya ci karo da rodi a cikin lintan, za ka ji ya tsaya yana ƙara, ka matsa santimita 3 ka sake.

In bulon ya riga ya ruɓe kuma babu linta, sai a fasa rami kamar dunƙulen hannu, a cusa takardar buhun siminti ta toshe ƙasan ramin, a jiƙa, a cika da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, a binne kan bol na milimita 10 da washa a ciki, zaren ya leƙo waje. A yi ta yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7. A zafin Sakkwato, kwaɓin da ba a ba shi ruwa ba bushewa yake yi kafin ya kama, ya yi fari ya zama gari.

Gidajen laka na cikin gari, wajen Kanwuri da tsofaffin unguwanni, nasu daban ne. Da yawa an shafe su da siminti an yi fenti, sai mutum ya ɗauka bulo ne. In garin da ke fitowa daga rami ja ne, a tsaya. Fisha ba ya kama laka, kuma filastar da ke kai za ta ɓamɓaro faranti guda. A nan katako ake tsayarwa, tu-bai-fo ko azara, a binne gindinsa santimita 40 a ƙasa a jikin bango, a shafe gindin da baƙin mai saboda gara, sannan a ɗaura ƙugiyar a jikin katakon. Wannan dabarar ce kuma ta mai haya da maigida ya hana huda bango, sai dai shi ba zai binne ba, kafinta zai yi wa katakon ƙafa mai faɗin santimita 60 da ta miƙo gaba santimita 70, da tokare biyu.

Tsayin da za a kafa ƙugiya, kada a ɗauko shi daga kwali. A tayar da keken a kan tayar baya, a manna tayoyin biyu da bango, wani ya riƙe, a yi alama kamar santimita 15 sama da inda tayar gaba ta taɓa bango, a ƙara 5 don ta baya ta ɗan bar ƙasa. Ga keken inci 26 yakan faɗo tsakanin santimita 160 da 170. Ratayawa kuma ba ɗagawa ba ce da ƙarfin tuwo: ka matse birkin baya, ka ja baya taki ɗaya kana jan kan keken sama, ya miƙe tsaye da kansa, ka tura shi kan tayar baya har bango, ka sa gwiwa ƙarƙashin sirdi ka ɗan tura. Ka lura ƙugiyar ta faɗa tsakanin sifok biyu, nesa da bawul. Bawul ɗin da ƙugiya ta danne yakan yage daga gindi, wurin da mai faci ba ya iya komai. Masu tsoron cewa rim zai lanƙwashe su kwantar da hankali, wilin da ke ɗaukar mutum da buhun albasa daga fadama, kilo 15 ba zai dame shi ba.

Ga gaskiyar da masu talla ba sa faɗa: keken da aka rataye a tsaye yana miƙowa cikin ɗaki santimita 100 zuwa 110, wato daga taya zuwa sirdi. A tsakiyar bango bai rage maka komai ba, ya ma fi tare hanya. Amfaninsa a lungu yake, bayan ƙofa ko tsakanin wadirof da bango, inda dama ba a komai da wurin. A bar rabin faɗin kan keken da ƙarin santimita 5 tsakanin ƙugiya da bangon gefe, in ba haka ba kan zai tokare, keken ya karkace. In kekuna biyu ne, tazarar santimita 40 ta isa muddin ɗaya ta fi ɗaya tsayi da santimita 25, yadda kawunan ba za su yi karo ba. A kuma auna fankar sama, tayar gaba na kaiwa kusan mita 2.

Duk wannan na keken gwanjo ne mai kilo 13 zuwa 16. Baƙin keke na inci 28, Phoenix ko Hero ko tsohon Raleigh na gado, ƙugiya ɗaya ba ta dace da shi ba, ko ta waye. Nauyinsa na kai kilo 20, kuma da ka tayar da shi, wutsiyar madigadin baya da kariya su ne ke fara taɓa ƙasa, ba taya ba. Ba ya gangarawa, sai dai ka ɗauke shi cak, madigadi na lanƙwashewa kullum. Ga kuma birkinsa na sanda, wanda robarsa ke kama cikin rim, daidai wurin da ƙugiya ke zama. Da tiyo ya huje, ƙarfe ya kankare farin rim, tsatsa ta shiga, ta riƙa cin robar birki. Irin wannan keke a kwance ake rataye shi, a kan hannuwa biyu da ke riƙe sandar tsakiya.

Mai hannu biyun nan shi ya fi wahalar da bango, kuma lissafinsa a fili yake. Dole hannuwan su miƙo santimita 30 zuwa 35 don kan keke da feda su sami wuri. Kilo 20 a nisan santimita 30, in tazarar sukurun sama da na ƙasa 10 ce kawai, kamar yadda take a yawancin na kanti, sukurun sama na jin fizgar kilo 60. A mai da tazarar 30, fizgar ta koma kilo 20. Don haka a ce wa mai walda ya yi bayan doguwa, ya sa tokare a ƙarƙashin kowane hannu, tazarar hannuwan santimita 30 zuwa 35, bakinsu ya ɗan ɗago. A nan na kanti bai ma shiga gasa ba. Sai dai a tambayi kai wa zai riƙa ɗaga kilo 20 zuwa kafaɗa safe da yamma. Dattijo mai zuwa kasuwar Kara kullum zai yi sati biyu ya gaji, keke ya koma zaure. Gare shi gara a kafa hannuwan ƙasa-ƙasa, tayoyi su bar daɓe da taƙi ɗaya, ko ba komai an sami wurin tura takalma kuma tsintsiya na wucewa.

Na igiya da ake ja keke ya hau sama, ba sai an ɓata lokaci ba. Silin na POP ko na roba ba ya ɗaukar kaya, katakon da ke riƙe shi siriri ne, kuma can sama kusa da kwano nan zafi ya fi taruwa.

Abin da ke biyo keke cikin ɗaki shi ma abin lura ne. Taya ta taka ruwan kwata da kashin awaki, ga shi ɗakin nan ake sallah. A manna tayil biyu ko guntun ledar ɗaki a bango inda tayar baya ke zama, a ajiye buhu ko tsohon faranti a ƙasa, a goge taya da tsumma a bakin ƙofa. Gogewar na da wata riba, nan ake ganin ƙayar tsidau da ta maƙale kafin ta gama shiga. Masu zuba wa sarƙa baƙin mai su sani, keken da ke tsaye yana ɗigar da shi a kan rim na baya da daɓe, birki ya daina kamawa. A wanke sarƙa da kananzir, a ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa, a goge na waje. Keke mai birkin mai, wato wanda mai ke matsa birkinsa maimakon waya, in ya kwana a tsaye hannun birkin kan yi laushi saboda iskar da ta motsa a cikin bututu, a matsa shi sau 10 kafin a hau. In bai yi tauri ba, a kai shi a fitar da iskar. Kada kuma a rataye keke kusa da janareta ko jarkar fetur, tururin na lalata roba.

Gidan da ke da ƙananan yara, feda da farantin sarƙa na zama daidai kan ɗan shekara 3, tayar baya kuma tana juyawa in an taɓa. A ɗaure ta da gangar keken da robar tub, a juya feda ta kwanta. In a zaure za a kafa, mai walda ya ƙara zobe a jikin falat don sarƙa da kwaɗo, ya kuma ɗiga wuta a kan notunan bayan an ɗaure, in ba haka ba sifana ɗaya ta isa a tafi da keke da ƙugiyarsa.

Kafin keke ya hau, a gwada da jarka mai lita 25 cike da ruwa, kilo 25 ke nan. A rataye ta da igiya ta kwana, a ja layi da fensir a bango daidai saman falat. Da safe in layin ya rabu da ƙarfen, ko ka ga garin siminti a ƙasa, a kwance a sake wuri. Bayan sati ɗaya da fara amfani a bi notunan da sifana, rubu'in juyi ya isa, kada a matse har fisha ya juya.